Wa Zai Goya wa Dakta Ɗanta?

 Yau ba girki na zo muku da shi ba, ba kuwa ɗinki ba. Wani al'amari ne da ya faru a cikin gidanmu na ke so in ba ku labarinsa, ko da ya ke sai da na yi ta juya shi a raina kafin in ɗauki alƙalami, domin a cikin labarin nan akwai inda ni kaina ban fita ba. Ni mutuniyar Gulma ce, ta ƙasar Argungu, amma kada ku ce don haka na zo yi da 'yar'uwata. Sunan gari ne kurum. Na kuwa karanta mata takardar nan tun daga farko har ƙarshe kafin in aika wa Edita, ta yi shiru, sa'an nan ta ce in aika.

Yayata, wadda mu ke uwa ɗaya uba ɗaya, tana neman abin da a ke kira digirin digirgir, watau digiri na uku. To, da ya ke da yawa cikinmu muna jin sunan nan a rediyo ba tare da mun san abin da ke ciki ba, bari in ɗan yi bayani. Shi wannan karatu ba irin na aji ba ne, inda malami zai tsaya gaban allo ya faɗa a rubuta. Mutum ne zai nemo wata tambaya wadda ba a riga an amsa ta sosai ba, ya fita ya bincika da ƙafarsa, ya auna, ya ƙirga, ya tambayi mutane, sa'an nan ya rubuta babban littafi da a ke kira kundi. Akwai malami guda mai duba masa aikin babi-babi. In ya gama, sai manyan malamai su zaunar da shi, har da baƙo daga wata jami'a, su yi ta jefa masa tambayoyi. In ya kare kansa, a ce masa Dakta. Abin ya kan ci shekara uku in an yi sa'a, sau da yawa kuwa ya fi haka. Ba likitan asibiti ba ne. Wannan kam mun gaji da faɗa wa Innarmu.

A zamanin kakanninmu mace ba ta san wannan damuwa ba. Sai a 1930 aka fara buɗe makarantun boko na 'yan mata a Kano da Katsina, a 1939 aka buɗe ta horon malamai mata a Sakkwato. Yanzu kuwa jami'a ta zo mana har ƙofar gida. Ga ta Sakkwato tun 1975, ga ta Aliero tun 2006, ga ta Birnin Kebbi tun 2013, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu, inda ni na yi nawa horon malanta. Madalla da wannan. Amma fa shekarun da mace ke yin irin wannan dogon karatu su ne dai shekarun da ta ke haihuwa, ba wanda ya isa ya raba su. An buɗe mana ƙofa, sai dai ba a ce ga inda za mu ajiye goyo ba.

Binciken Yaya a kan shinkafar gumi ne. Ku matan fadama kun san ta, amma saboda na nesa, ga yadda a ke yi. A kan jiƙa shinkafa da ƙaiƙayinta ta kwana cikin ruwa, da safe a tsame a turara ta cikin babbar tukunya ko rabin ganga har ƙaiƙayin ya fara buɗe baki, a shanya ta bushe, kāna a kai inji. Turarawar nan ita ke sa ƙwayar ta yi ƙarfi, ba ta karyewa da yawa a inji, kuma wani amfanin da ke cikin dusa ya kan shige cikin ƙwayar ya zauna. Sana'ar mata ce tun kaka da kakanni, da ita a ke yi wa 'ya'ya kayan ɗaki. To, tun da Shugaba Buhari ya zo Birnin Kebbi cikin Nuwamba 2015 ya ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance, aka kuma buɗe babban injin shinkafa na kamfanin WACOT a Argungu cikin 2017, sai harkar shinkafa ta ƙasarmu ta sake kama. Tambayar Yaya ita ce, a cikin wannan sabon zamani, ina matan da ke gumi a tsakar gida suka tsaya? Nawa su ke saye, itace nawa su ke ƙonawa, me ke saura a hannunsu bayan sun sayar? Amsar ba ta cikin ko wane littafi. Sai an bi su gida-gida, an zauna bakin murhu da ma'auni da takardar tambayoyi, kuma sai lokacin da shinkafa ta zo gida, watau da kaka, ko kuwa bayan girbin noman rani.

Ku riƙe wannan maganar ta lokaci, don ita ce ta kawo dukan abin da ya biyo baya.

Shekara shida Yaya ta yi da aure ba ta ko yi ɓatan wata ba. Ba sai na gaya muku irin maganganun da ta sha ba. Da ta fid da rai ta shiga karatun nan gadan-gadan, sai Allah ya kawo rabo. Ta haihu cikin Satumba 2024, ɗa namiji, aka kawo ta gida Gulma wankan jego kamar yadda a ke yi wa mai haihuwar fari. Ta iso da akwati biyu, ɗaya na kayan jariri, ɗaya na takardu da kwamfuta.

Tun daren farko rigima ta tashi. Inna ta leƙo ta ga haske cikin gidan sauro, ta ce, "Ke, mi kike nema cikin wagga na'ura da tsakad dare? Mai jego ba ta karatu, ido ka lalacewa." Kashegari aka nemi wayar cajin kwamfuta sama da ƙasa aka rasa. Sai bayan suna ta fito daga cikin kwallar Inna. Sun kuma ja a kan kunun kanwa. Yaya ta ce tun cikin shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura ciwon zuciya na kama masu jego da yawa, suka danganta shi da yawan kanwa da tsananin zafin da a ke gasa mace da shi. Inna ta ce ita tara ta haifa, ba wadda ta mutu. Daga ƙarshe aka rage kanwa, aka sirka ruwan wanka, ko wacce ta ɗauka ita ta ci nasara.

Ni ce ke kwana ɗaki ɗaya da ita, saboda haka na ga abin da sauran mutanen gida ba su gani ba. Jariri sabon haihuwa ba ya sanin dare, ya kan nemi nono wajen sau takwas ko fiye tsakanin safiya da wata safiya. Sai ta ɗora shi bisa cinya, hannun hagu na tallafe da kansa, na dama na danna kwamfuta da yatsa ɗaya. Wata rana da asuba ta ce in zo in karanta abin da ta rubuta cikin dare. Na karanta, ashe jimla guda ce ta maimaita har sau uku ba ta sani ba. Ta dube ni ta ce, "Auta, kaina ya tafi." Sai hawaye. Yaya fa, wadda ban taɓa ganin kukanta ba ko ranar da aka kai ta ɗakin miji. Na ce mata barci ne ya yi mata ƙaranci, ba kai ne ya tafi ba. Gaskiya kuwa na faɗa, amma a wannan lokaci ba ta ji.

Abin da ke cin ta shi ne lissafin kwanaki. Arba'in za ta cika ƙarshen Oktoba, ga kaka ta ƙarato. In ta bari kakar nan ta wuce, sai ta jira girbin rani, wajen wata biyar ko shida. Hutun da wurin aikinta ya ba ta don karatu kuwa yana da iyaka. Ba ta kuma manta da 2020 ba, shekarar da ambaliya ta shafe shinkafar fadamar Kabi, mata da dama ba su ko ɗora tukunyar gumi ba. Wa ya san abin da baɗi za ta zo da shi? A waje ɗaya kuma ga bakin mutane. Masu zuwa barka na fita suna cewa, wadda ta samu ɗa da ƙyar, ita ce za ta saɓa shi ta shiga ƙauyuka neman takarda? Hausawa sun ce ba a tauna taura biyu. Ita kuwa ga su duka a bakinta, ba wadda za ta iya tofarwa.

Ranar da aka yi arba'in, bayan baƙi sun watse, aka zauna tsakar gida ana shawara. Mijinta ya zo daga Birnin Kebbi inda ya ke aiki, yana zaure, ana kai masa magana ana kawowa. Sai Gwaggo, yayar Babanmu, ta ce, "Wanga abu mai sauƙi na. Ga ɗiyak Kawunku nan, a ba ta renon yaro. Ta bi ta ƙauye, in an gama ta bi ta birni. Mu ma haka anka yi muna." Kowa ya ce shawara ta yi. Kawu da aka aika masa, har murna ya yi, wai 'yarsa za ta zauna gidan 'yan boko.

To, jama'a, ga inda na ce ban fita ba. Yarinyar nan shekararta goma sha ɗaya, tana aji biyar na firamare. Ajin nan kuwa nawa ne. Ni ce malamarta. Na san ita ke zuwa ta uku, na san hannunta ya fi na kowa kyau a ajin. Ina zaune a wurin aka yanke maganar, ban ce uffan ba. Me ya hana ni? Yaya ce ta biya mini kuɗin kwaleji shekara uku daga albashinta, ita ta saya mini katifa da bokiti ranar da zan tafi Argungu. Na ga kamar in na buɗe baki na zama butulu. Na ce a raina, ai 'yan makonni ne.

Mako uku cur ina kiran suna da safe, in na zo kan nata sai 'yan aji su ce, "Ba ta nan, Malama." Ni kuwa in ɗauki alƙalami in sa mata alamar rashin zuwa da hannuna, alhali na san inda ta ke, na san ma zanen da ta yi goyo da shi, don nawa ne. A kwaleji an koya mana cewa tun 2004 doka ta ce ko wane yaro a Nijeriya tilas ya yi karatun shekara tara kyauta, shida na firamare, uku na ƙaramar sakandare. Na rubuta wannan a jarrabawa na ci. Ga shi dokar ta zo gidanmu ta tarar da ni na juya mata baya.

Wata ranar Laraba da la'asar sun dawo daga ƙauye, Yaya ta shiga wanka, na tarar da yarinyar nan bayan rumbu, jariri na barci a bayanta, ta sunkuya tana zane a ƙasa da tsinke. Taubashiyata ce, kullum tsakaninmu sai tsokana, saboda haka na ce, "Kai, 'yar reno ta koma duba?" Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Malama, an ce kun shiga rabawa mai tsawo. Na tambayi 'yan ajinmu sun nuna mini, amma in na sauko da lamba ta biyu sai in ɓace." A gida ba ta taɓa ce mini Malama ba sai ran nan. Na durƙusa na nuna mata, ta gane nan da nan, ta share ƙasa da tafin hannu ta ce in ba ta wani. Muna cikin na uku yaron ya farka, ta miƙe tana jijjiga shi, idonta na kan lissafin.

Daren nan na yi wa Yaya magana. Ba ta yi daɗi ba, kada in ɓoye muku. Ta ce, "Auta, har da ke? Duk garin nan ana cewa in bar karatu, ke ma kin bi sahu?" Na ce ban ce ta bari ba, na ce dai karatun da ta ke yi da na yarinyar nan a ke biyansa. Ta ce ai za ta sa ta makaranta a birni in an natsu. Na ce yaushe a ke natsuwa da mai rarrafe a gida? Ta ce ban san zafin abin ba tun da ban haihu ba. Wannan kuwa gaskiya ne, sai na ja bakina. Muka kwana ko wacce ta ba 'yar'uwarta baya.

Ba maganata ce ta juya ta ba, aikinta ne. A cikin takardar tambayoyin da ta ke bin mata da ita, akwai inda a ke tambayar mace ko ta yi makaranta, aji nawa ta kai, me ya fid da ita. Bayan kwana biyu tana zaune tana shigar da amsoshin cikin kwamfuta, ni ina karanto mata, sai muka yi ta cin karo da amsa iri ɗaya. Wannan ta ce talla, wannan ta ce aure, amma da dama cewa suka yi an ɗauke su reno gidan wata 'yar'uwa, daga nan ba su koma ba. Na karanta ɗaya, na karanta ta biyu. Da na zo ta gaba sai Yaya ta ce, "Dakata." Ta rufe kwamfutar. Ta daɗe tana kallon yarinyar nan da ke barci bakin ƙofa bisa tabarma, sa'an nan ta ce, "Watau shekara ashirin nan gaba wata za ta zo da irin takardar nan ta tambaye ta, ta ce ni ce."

Bari in ɗan ratse a nan, don tun daga ran nan na yi ta tunanin yadda waɗansu mata masu ilimi suka yi da nasu goyon. Akwai wata Baturiya, Mari Kuri, 'yar ƙasar Folan da ta zauna a birnin Faris na Faransa. Ta haifi 'yarta ta fari cikin Satumba 1897, kafin shekarar ta ƙare ta fara binciken digirinta na uku, wanda a cikinsa ita da mijinta suka gano sinadarin radiyam a 1898. Ta sami digirin a 1903, a shekarar kuma aka ba ta kyautar Nobel. A kan ba da labarinta kamar ita kaɗai ta yi, amma ba haka ba ne. Ta ɗauki mai reno, babbar mace, tana biyanta. Sa'an nan surukinta, uban mijinta, wani tsohon likita wanda matarsa ta rasu 'yan kwanaki bayan haihuwar, ya komo gidansu ya zauna, shi ya yi ta fama da jikarsa. Namiji fa, dattijo! Jikar nan kuwa ita ma ta girma ta ci kyautar Nobel a 1935.

Ba sai mun je Turai ba ma. Ga Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864. Ko da ya ke kakanninmu Kabawa sun daɗe suna gwabzawa da Sakkwato, ba Bakabiyar da za ta ƙi sara mata. Matar Waziri Giɗaɗo ce, uwar 'ya'ya, mai babban gida, ta kuma yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Ita ta san matar aure mai goyo ba ta iya barin ɗakinta ta yi tafiyar kwanaki neman karatu. Sai ta kafa 'yan taru. Ta kan naɗa wata dattijuwa jaji, ta ba ta malfa, ita kuwa jaji ta taho daga ƙauye da tsofaffin mata da 'yan mata ƙanana, su ɗauki karatu wurin Nana, su koma su kai wa matan da ke cikin gida. Ku duba da kyau. A tsarin Nana, yarinya ita ce mai ɗauko ilimi ta kai wa mai goyo. Mu kuwa 'yan boko sai muka juya abin, yarinya ta ɗauki goyo don babba ta je ta ɗauko ilimi.

To, yaya muka ƙare? Ba a ce an sami hanya mai daɗi ba, an dai raba wahalar ga waɗanda suka isa ɗaukarta. Yaya ta rubuta wa malamin da ke duba aikinta ta gaya masa halin da ta ke ciki, abin da da ta ke jin kunyar yi, don kada a ce mace ta kawo uzurin haihuwa. Suka rage ƙauyukan daga goma sha biyu zuwa bakwai, waɗanda ke kusa, aka bar sauran aikin sai girbin rani. Wannan ya ƙara mata kusan shekara guda. Ta yi kukan wannan ma. Mijinta ya ɗauki nauyin mai Keke Napep da zai riƙa kai ta yana komo da ita, ya kuma yarda ta zauna Gulma har bayan girbin rani, shi ya riƙa zuwa ran Juma'a. 'Yan'uwansa sun yi magana, ya toshe kunne. Ni kuwa daga an tashi makaranta har magariba yaro na hannuna, ita ta rufe ɗaki ta yi rubutu ko ta yi barci. Karatun digiri da na so in fara a shekarar, na ɗaga shi.

Saura wa zai bi ta ƙauye da safe? Inna ta dubi Gwaggo ta ce, "Ke da kinka kawo shawara, ai sai ki tahi." Muka yi dariya, ashe abin zai tabbata. Gwaggo ba ta da miji, 'ya'yanta duk sun yi aure, ƙafarta kuwa ta fi tawa sauri. Mijin Yaya ya yanka mata abin goro duk wata. Ta yi ta gunaguni kwana biyu, daga nan ta zama ita ce sarkin tafiya, tun da sassafe ta shirya tana jiran keke.

Abin mamaki, goyon nan da a ke ganin shi ne cikas, sai ya zama shi ke buɗe wa Yaya ƙofa. Da can in ta shiga gida da takarda da ma'auni, mata kan ɗauka ma'aikaciyar gwamnati ce, ko dai su ɓoye ribarsu don tsoron haraji, ko su ƙara wa asararsu gishiri don sa ran tallafi. Amma mace ta shigo da tsohuwa da jariri, ta nemi tabarma ta zauna tana ba da nono, wa zai yi mata ƙarya? Ga Gwaggo kuma ta san uwar kowa da kakar kowa. Sai hira ta ɓarke, a faɗi bashin da ke kan mutum, a faɗi wanda mai gida ya karɓe. Abu ɗaya Yaya ta tsare, ba a zaunar da yaron inda hayaƙin murhu ke bi, don hayaƙin itace na cutar ƙirjin jariri. Faɗansu da Gwaggo ɗaya ne, ruwa. Yaya ta bi maganar ma'aikatan lafiya, nono zalla har wata shida, ko ruwa ba a ba shi, don nonon da kansa yawancinsa ruwa ne. Gwaggo kuwa gani ta ke wannan mugunta ce a ƙasa mai zafi irin tamu. Sau biyu ana kama ta da cokali. Ranakun rigakafi kuma, na mako shida da na goma da na goma sha huɗu, ba a zuwa ƙauye ko shinkafar wa ke kan wuta.

Ku matan aure, na san a cikinku akwai wadda 'yar'uwa za ta aiko mata daga birni, malama ko ma'aikaciyar asibiti ko mai karatun jami'a, ta ce a ba ta yarinya ta taya ta reno. Ban ce ku ƙi zumunci ba, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma ku tambaya, wace makaranta za ta shiga, wane aji, wa zai riƙe jaririn sa'ad da ta ke aji? In an ce muku sai an natsu, to, ku riƙe 'yarku, ku nemo wata Gwaggon. Ko wane gida akwai ta. Ku kuma 'yan makaranta masu burin a ce muku Dakta wata rana, ina taya ku fata. Sai dai tun kafin a sa ranar aure a yi maganar nan a fili da wanda zai aure ku, a san wa zai riƙe, a san wa zai biya. Yaya ba ta yi haka ba, ta ce ita a lokacin kunya ta ji.

Yarinyar ta koma aji ran wata Litinin cikin watan Nuwamba. Mako uku ba wasa ba ne, a jarrabawar zangon nan ta zo ta goma sha ɗaya, ta sha kuka. Kawu kuwa ya yi fushi da ni har Sallah, wai na hana 'yarsa zama birni. Da aka shiga zango na uku ta komo ta huɗu. Har yanzu in ta tashi daga makaranta ta kan biyo gidanmu ta ɗauki yaron, don ya san bayanta ya fi son sa da na kowa, amma da la'asar ne, kuma ganin damarta ne.

Yaya ba ta gama ba tukuna. Waɗanda suka fara tare, biyu har an yi musu walima, ta je ta ci shinkafa ta komo ba ta ce kome ba. Babi na huɗu na wurin malaminta. Yaron ya fara tafiya, ran nan ma ya kama takardar tambayoyi guda ya yage ya cusa a baki, sai da muka bi shi da gudu muka ƙwato rabi, muka liƙe da salatif. Inna na zaune tana kallonmu, ta ce, "Ni dai ku gaya min, yaushe za ta gama ta fara yi muna allura? Wagga ƙafa tawa ta dame ni."